Sola ko Janareta: Inda Kasada Ta Rabu da Ganganci a Lissafin Ɗan Kasuwa

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce an gama da tallafin man fetur. Mako bai zagayo ba, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 aka bar naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Sai ga Afrilun 2024, hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Mai sayar da ƙanƙara, mai kemis, tela, mai aski, mai shagon kwamfuta, duk wanda sana'arsa ba ta tafiya sai da wuta, ya wayi gari da tambaya ɗaya: ya ci gaba da ɗura kuɗi a tankin janareta, ko ya kwashi jari ya ɗora sola a kan rufi?

Amsa iri biyu aka fi ji a kasuwa, kuma duk ba su da lissafi a ƙarƙashinsu. Wani ya ce rana kyauta ce, ka saya kawai ka huta. Wani ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ga wane can ya kashe miliyoyi, shekara ɗaya baturan suka mutu.

Na biyun yana ganin wanda ya zauna bai yi kasada ba. Ya manta farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 a Oktoban 2022, wa'adin tsofaffin kuɗi ya cika a Fabrairu, takardar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan maganar a watan Maris. A waɗannan makonni, ɗan kasuwar da ya daɗe yana cewa shi ba ya karɓar tiransifa ya zauna yana kallon mai saye yana wucewa zuwa rumfar maƙwabcinsa mai na'urar POS. Masu kayan gwari, waɗanda kayansu ba ya jira, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ba su sayi sabon abu ba, ba su taɓa jarinsu ba, amma asarar ta same su har inda suke zaune. Ƙin motsi ma yana da farashi, sai dai ba a yanka masa rasit, shi ya sa ba a ganinsa.

Abin da ya raba kasada da ganganci shi ne tambayoyi uku da mutum zai amsa da alƙalami kafin ya fitar da kuɗi. In abin ya yi, nawa zan samu, kuma a wata nawa? In ya ƙi, nawa zan rasa? In ya ƙi ɗin, gobe zan iya buɗe shago in sari kaya? Ta ukun ita ce alƙali. Ribar da ake hange komai girmanta, idan faɗuwar za ta tafi da uwar kuɗi, an bar kasada an shiga ganganci. Mai sayar da kayan kuwa ta farkon kawai zai amsa maka, don ita ce ke sayar masa da kaya.

Mu ɗauki shago guda mu yi masa lissafi: mai sayar da lemo da ruwan sanyi, yana da firiza biyu, fanka biyu, ƙwan fitila shida, da cajin waya da na'urar POS. Yunit ɗaya, irin wanda ake saye a mita, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ce kowace firiza tana jan wat 150, injinta yana aiki awa 12 a wuni da dare, biyun sun ci wat 3,600 ke nan. Fanka biyu masu wat 70 na awa 10 sun ci 1,400. Ƙwai shida masu wat 10 na awa 6 sun ci 360. Caji da ƙananan abubuwa a ba su 300. Jimla wajen yunit 5.7 a rana. Amma wutar da farantin sola ya kama ba duka take isa soket ba. Zafi, ƙura, waya, batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, kowa yana yankar rabonsa, don haka a ƙara kashi 30 cikin ɗari, ya zama yunit 7.4. A arewa ana lissafa cikakkiyar rana ta awa biyar zuwa shida, mai hankali ya ɗauki biyar. In aka raba 7.4 gida biyar, ana buƙatar farantai na wajen wat 1,500. Faranti huɗu masu wat 450 sun ba da 1,800, da ɗan rara don hunturu da damina.

Duk mai haɗa sola da ya faɗi farashi bai tambayi abin da za a kunna da awannin da za a kunna shi ba, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Lambar da ke bayan firiza ma ba abin dogaro ba ce idan firizar ta tsufa ko robar murfinta ta saki. Akwai ƙaramar mita da ake soka wa a soket, sannan a jona na'urar a jikinta. A bar ta kwana uku a kan kowace firiza, ita za ta faɗi gaskiya.

Yanzu ɓangaren janareta. Ƙaramin inji mai shan wajen lita 0.7 a awa, awa 10 a rana, lita 7 ke nan, lita 210 a wata. Don sauƙin lissafi a sa lita naira 1,000, ya zama 210,000, a ƙara 15,000 na baƙin mai da gyara, 225,000 a wata. A ce mai haɗawa ya yanke naira miliyan 3 a kan komai. Idan solar ta ɗauke kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi, ana tsira da wajen 170,000 a wata, kuɗi ya dawo a wata 18. Wannan shi ne lissafin da ake nuna wa mai saye, kuma ba ƙarya ba ne.

Sai dai akwai takarda ta biyu da mai shago zai rubuta da kansa, ta ranar da abubuwa suka ƙi. A ce solar rabin nauyin kawai ta ɗauka, fetur kuma ya ɗan sauko, abin da ake tsira da shi ya koma 100,000. Kuɗi ba zai dawo ba sai wata 30. A ce tsawa ta ƙone inbata a damina ta biyu, an sake wata ta 400,000, an koma wata 34. Idan kuma baturan na ruwa ne, suka gaji a wata 24, to an sake sayen mafi tsadar kayan tun ba a maido da na farko ba. Wanda ya duba wannan takarda ya ga shagonsa zai jure, ya shiga da ƙarfin gwiwa. Wanda ya ga za ta durƙusar da shi, ba wai ya haƙura ba ne, ya rage girman abin da zai fara da shi, kuma za mu zo kan haka.

A lura, duk a lissafin nan ba a sa ƙarin ciniki ba. Da gangan ne. Kuɗin man da ba ka saya ba tabbas ne, cinikin da kake fata ba tabbas ba ne. Gaskiya ne wanda ya riga kowa samun ruwan sanyi a layi yana kwasar kasuwa a watan Afrilu ko a azumin da ya faɗo cikin zafi, amma shago uku na gaba suna kallo, baɗi su ma sun saka. Haka aka gani a sana'ar POS: waɗanda suka fara sun ci moriya, da rumfuna suka cika kowane lungu sai ladan cire kuɗi ya ragu. Ribar riga-kowa tana da wa'adi. In ta zo alhamdulillahi, amma ba a ciwo bashi a kanta.

Batir shi ne inda mafi yawan asarar take, don haka a nan ya kamata a daɗe. Batir na ruwa mai bolt 12 da amfiya 220 yana ɗauke da yunit 2.6 a rubuce, amma rabi kawai aka yarda a sha. Wanda yake tatse shi kullum har inbata ta yi ƙara ta mutu, yana cin shekarun batirin ne a cikin watanni. Ga kuma zafi: ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa gida biyu. Shagon kwano da ke rufe a watan Afrilu, inda waje kansa ya haura digiri 40, ai tanda ce. Shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekara huɗu yake gajiya a ɗaya da rabi, a ɗora laifin a kan sola, alhali wurin ajiya ne ya kashe shi. Yana son iska, don yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta lokacin caji. Yana son a duba ruwansa duk wata a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ba, ba na leda ba. Kuma ba a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai jawo sabon ƙasa.

Na litiyom, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, ya fi tsada a ranar saye. Mai yunit 5 yana ba da sama da 4 ba tare da ya cutu ba, ba ya son ruwa, kuma masu ƙera shi suna rubuta masa zagayen caji dubu uku zuwa shida, inda na ruwa bai cika wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba. In aka raba kuɗin a kan shekarun aiki, yawanci shi ne mai araha. Haɗarinsa na daban ne: akwati ne rufaffe, ba ka ganin abin da ke ciki, kuma kasuwa ba ta rasa waɗanda aka cika da tsofaffin ƙwayoyi aka yi musu sabon fenti. Gwajinsa ba wuya. A cika shi taf, a cire farantai, a ɗora masa nauyin da aka sani, kamar wat 500. Mai yunit 5 na ƙwarai zai riƙe wajen awa takwas. In ya mutu a awa huɗu, rabin abin da aka biya aka samu. A yi wannan gwaji kafin a cika kuɗi, ba bayan an cika ba.

Faranti ma yana da nasa gwajin, kuma tef ɗin awo ya isa. Farantan zamani suna ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, don haka mai wat 450 na gaskiya ya kai wajen mita biyu a tsayi, mita ɗaya a faɗi, nauyinsa ya haura kilo 20. Ƙaramin faranti da aka manna wa takardar wat 400, takardar ce kawai mai 400. Ko na ƙwaran ma, idan ya yi zafi ya kai digiri 60 da tsakar rana, yana sauke sama da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. A Kano da kewaye a fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 12 zuwa 15. Inuwar tankin ruwa ko eriya a kan faranti ɗaya tana rage wa duk layin ƙarfi. Da hunturu kuma a wanke duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Inbata kuwa, ba jimlar wat ake dubawa kawai ba. Injin firiza a daidai lokacin tashi yana fizgar ninki biyar ko fiye na abin da yake ja in ya daidaita. Firiza biyu suka tashi tare, inbata mai kVA ɗaya, wato mai ƙarfin kusan wat 1,000, ta faɗi, ko da yake a takarda nauyin shagon bai kai wat 600 ba. Irin wannan shago yana son mai kVA 2.5 zuwa 3.5, mai ba da tsaftatacciyar wuta irin wadda injin firiza ke so, don mai arahar nan tana sa shi gurnani da zafi har ya ƙone. A sa wa kowace firiza na'urar jinkiri ta minti uku zuwa biyar don kada su tashi lokaci guda.

Sai waya, wadda a nan ne ake yawan yin ƙwauron da ke jawo gobara. A tsarin bolt 24, nauyin wat 2,000 yana jan sama da amfiya 80 daga batir, abin da ke buƙatar kebul mai kauri na murabba'in milimita 25 zuwa 35 na jan ƙarfe zalla. Siririyar waya, ko ta alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe, ko kan da ba a ɗaure da kyau ba, duk zafi suke tarawa. Bireka ta wutar gida ba ta iya yanke wutar batir yadda ya kamata, dole a sa wadda aka ƙera don ita, da fiyus kusa da batirin, da sandar ƙasa da na'urar kare tsawa. Duk waɗannan a haɗe ƙaramin kaso ne na kuɗin aikin, amma su ake fara zubarwa idan mai saye ya matsa a yi masa ragi. A cikin kasuwa mai rumfuna manne da juna, wannan ba asarar mutum ɗaya ba ce.

Akwai kuma haɗarin da ba ya cikin na'urar kwata-kwata, wanda ko manyan masu kuɗi yana kama su. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa a jihar Kano an gina ta don ta ci tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ta fara aiki a 2016, a shekarar kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa. Inji lafiyarsa ƙalau, abin da zai ci ne babu. Ko a shekarun da aka sake buɗewa, samun isasshen tumatir ya ci gaba da zama matsala, don manomi in farashin kasuwa ya fi na masana'anta, kasuwa zai kai kwandonsa. Fasaha tana tsayawa ne a kan abin da ke ciyar da ita da wanda ke kula da ita. Ga mai shago, wannan yana nufin: in inbata ta lalace ranar Laraba, wa zai zo, daga ina, a kwana nawa? Ana samun kayan gyaranta a garin, ko sai an aika Legas? Garantin na wa ne, kamfanin da ya ƙera ko mai shagon da ƙila baɗi ya koma sayar da wani abu? Yaron shago ya san ba a jona hita ko dutsen guga? Shagon naka ne ko haya? Wanda hayarsa za ta ƙare nan da shekara, kuɗinsa kuma sai wata 30 zai dawo, ya fara zama da mai gida a rubuta cewa kayan nasa ne kuma zai iya kwance su.

To, wanda takarda ta biyu ta tsorata shi fa? Ya raba sayen kashi-kashi, ya fara da abin da ya fi daɗewa kuma ya fi saurin sayuwa in an fasa. Farantai suna shekara ashirin da ɗoriya, batir shi ne mai tsada kuma mai mutuwa. Mai ruwan sanyi yana da sa'ar da wasu ba su da ita: ƙanƙara ita kanta ajiya ce. Ya sa farantai da inbata mai kyau da ƙaramin batir, ya daskarar da kaya daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, ya jera jarkokin ruwa a ƙasan firiza su zama ƙanƙara, da dare ya kashe ya rufe ruf. Firiza cikakkiya mai lafiyayyen murfi tana kwana da sanyinta. Da haka an ɗauke mafi yawan kuɗin mai ba tare da sayen babban batir ba. Bayan wata shida, an ga hunturu ko an ga Agusta mai hadari, littafi ya nuna lita nawa aka daina saye, sai a ƙara batir da kuɗin da tsarin ya tara da kansa. Sharaɗi ɗaya: tun farko a sayi inbatar da za ta karɓi ƙari, in da hali mai bolt 48, don kada a zo faɗaɗawa a tarar sai an zubar da ta farko. Janareta kuma kada a sayar. A ajiye shi da mai a ciki, a tayar da shi duk mako biyu. Garin neman gira ba a rasa ido.

Inda kuɗin ya fito yana sauya lissafin gaba ɗaya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a shekara, na bankunan kasuwanci kuma a lokacin yana sama da haka. Bashin miliyan 3 a kan kashi 30 yana cin 75,000 a wata tun ba a taɓa uwar bashin ba. A takarda ta farko wannan ya kusa rabin abin da ake tsira da shi, a ta biyu kashi uku cikin huɗu ne. Ga kuma matsalar kuɗin ruwa ga wanda yake kiyaye addininsa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha, inda banki zai sayi kayan ya sayar maka a kan farashi sananne da ba ya ƙaruwa. Ba lallai ya fi araha ba, amma mutum ya san iyakar abin da ke kansa tun ranar farko. Adashe ma hanya ce, in kwasar ta zo daidai. Abin da ba a yi shi ne a kwashe kuɗin sari a zuba a rufi. Shago mai wuta awa 24 da firiza babu kaya bai ci riba ba. Bayan an biya komai, ya kamata kuɗin tafiyar da shago na wata uku ya rage a hannu.

Wata hanyar ita ce kada ka mallaka, ka sayi wutar kawai. An gwada haka a kasuwar Sabon Gari ta Kano ƙarƙashin wani shiri na hukumar REA mai kula da wutar karkara, inda kamfani ya kafa farantai da batura, 'yan kasuwa suna biyan abin da suka sha. Akwai kuma kamfanonin da ke ba da ƙananan kaya a biya kaɗan-kaɗan. A ƙarshe an fi biya da yawa, amma mutuwar batir da ƙonewar inbata sun koma wuyan wani. Ga mai ƙaramin jari ko mai zaman haya, sau da yawa wannan tsadar ta cancanci a biya ta. A karanta dai abin da zai faru in an makara biya, don wasu kayan ana kulle su daga nesa.

A jira farashi ya sauko, ko a saya yanzu? A dala, farantai sun yi ta araha shekara da shekaru, batirin litiyom ma haka, to jira yana da lada. Amma ɗan kasuwar nan da naira yake saye, kuma wanda ya ɗage saye daga farkon 2023 zuwa farkon 2024 ya tarar faɗuwar naira ta haɗiye duk wani ragi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a kwatanta da kuɗin man da ake ƙonawa a lokacin jiran. Shagonmu yana ƙona 170,000 a wata da zai iya tsira da su, jiran wata shida ya haura miliyan ɗaya. Sai in ana sa ran farashin kayan zai faɗi da kashi ɗaya cikin uku a wannan tsakanin, jiran ya biya kansa. Wanda kuwa yake layin da wuta ke zama awa 20, janaretansa lita 30 kawai yake sha a wata, shi babu abin da ke korarsa, kuma sola ta miliyan 3 za ta shekara takwas ba ta maido masa kuɗinsa ba.

Ranar da za a ƙulla ciniki, a rubuta sunan kamfani da lambar kowane faranti, batir da inbata, da kaurin waya, da tsawon garanti da wanda zai ɗauki nauyinsa, mai haɗawa ya sa hannu. A nemi ya nuna aiki biyu da ya yi waɗanda suka haura shekara biyu, a je a tambayi masu wurin ba a gabansa ba. A riƙe kashi 10 zuwa 20 na kuɗin har sai tsarin ya yi mako biyu yana ɗaukar cikakken nauyin shagon, an kuma yi gwajin batirin nan na awa takwas. Daga ranar kuma a buɗe shafi a littafin shago: yunit nawa allon inbata ya nuna yau, lita nawa aka saya, ƙarfe nawa batir ya kai kafin ya sauka. In yunit ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar alhali sama garau take, a hau rufi a duba ƙura da inuwa da kawunan waya. In duk lafiya, a kira mai haɗawa tun garanti bai ƙare ba.